Yadda ake koya wa yaro ƙirgen tsallake da manyan lambobi har ya gane lissafin sau

Tun da na ba da labarin wata 'yar ajina mai tallar awara, wadda ke lissafa cinikin yini a ka ba ta ɓatar da ko naira biyar ba, amma na rubuta mata 150 × 6 a allo ta tsaya tana kallona kamar na yi mata Faransanci, iyaye da 'yan'uwana malamai ke ta turo min tambaya iri ɗaya: ta ina ake haɗa lissafin kasuwa da na aji? Wani maƙwabcina ma har zaure ya iske ni nan Jega bayan la'asar, ya ce, "Malam, wanga yaro nau ya hardace tebur har sha biyu, amma in ka ce mashi ɗari biyu da hamsin sau huɗu sai ya hau sosa ƙeya."

Yaron ba shi da laifi. Tebur ɗin, wato jadawalin sau da ke bayan littafin rubutu, a kan 12 × 12 yake tsayawa, ciniki kuwa daga nan yake farawa. Abin da nake amfani da shi a aji huɗu shi ne ƙirgen tsallake da manyan lambobi, wato ƙirga hamsin-hamsin, ɗari bibbiyu, ɗari biyar-biyar, har yaro ya gano da kansa cewa abin da ake kira sau yawan tsallen da ya yi ne. Harshenmu ma ya riga ya yi mana rabin aikin. Mai amalanken da ya kwaso yashi zai ce maka ya yi sawu uku. In kowane sawu naira 2,000 ne, ba ya neman biro: dubu biyu, dubu huɗu, dubu shida. Sawun nan nasa shi ne sau ɗin lissafi. Ga yadda nake bi daki-daki. Kuɗaɗen da ke cikin misalan na lissafi ne kawai, kada wani ya kai su kasuwa ya ce Malam ya yanke farashi.

Kayan aiki da abin da za a kashe

Ku nemi tsakuwa ko ƙwallon dabino kamar guda talatin da ƙaramin kwano. Ku yanka tsohon kwali ku yi kuɗin wasa: takardun 50, 100, 200, 500 da 1,000, kowanne guda goma zuwa sha biyu. Sai fili a tsakar gida da tsinken zane a ƙasa, ko gawayi in daɓen siminti ne. Abin saye guda biyu ne kacal, littafin rubutu da fensir mai abin gogewa. Babban abin da za a kashe lokaci ne: minti goma sha biyar a kullum, na mako uku zuwa huɗu. Zaman awa biyu ranar Asabar ba ya maye gurbin wannan, gajiya kawai yake jawowa.

Kada ku yi da kuɗin gaske. Da zarar yaro ya riƙe 'yar ɗari biyar ta gaske, hankalinsa ya tafi shagon mai biskit. Wayar da ke da kalkuleta kuma ta zauna a ɗaki har a tashi.

1. Gwajin farko

Kafin komai, yi masa tambayoyi uku. Ya ƙirga goma-goma daga 70 zuwa 130. Ya faɗi abin da ake samu in an ƙara goma a kan 990. Sannan ya rubuta dubu ɗaya da hamsin da lambobi.

In ya wuce duka, ku tafi mataki na biyu yau ɗin nan. In ya cije a kan 100 ko 1,000, ko ya rubuta 100050, ko 150, to ku dakata. Matsalarsa gurbin lamba ce: bai rarrabe ɗaiɗai da gomomi da ɗaruruwa ba tukuna. Ku yi kwana huɗu ko biyar kuna canjin kuɗin kwali, ya ba ku 'yan ɗari goma ku ba shi 'yar dubu ɗaya, yana rubuta kowane canji. Wanda ya tsallake wannan gyara zai dawo ya yi shi a mataki na takwas, kuma a can ya fi wuya.

2. A fara da lambobin da kuɗi ya saba da su

Manyan lambobin da yaro ya riga ya sani su ne na takardun naira, don haka da su ake buɗe ƙofa. Fara da 100. Yana ajiye takarda ɗaya-ɗaya a kan tabarma yana faɗin abin da ya taru: ɗari, ɗari biyu, ɗari uku, har ɗari tara. A nan kusan kowane yaro zai ce "ɗari goma". Kada a tsawata masa, gaskiya ya faɗa. Ce masa madalla, ɗari goma ita ce ake kira dubu, ka karɓi takardun goma ka miƙa masa 'yar dubu. Ya ci gaba: dubu da ɗari, dubu da ɗari biyu. Wannan "ɗari goma" za ta yi mana babban aiki a mataki na biyar, shi ya sa ba na so a kashe ta.

Daga 100 sai 50, sai 500, sai 1,000. Na kan bar 200 a ƙarshe saboda ita ke buƙatar natsuwa wajen ƙetare dubu: 800, 1,000, 1,200. In akwai tsohuwa a gidan, a nan za ta yi rana. Har yanzu manya na kiran naira 200 jaka, jaka biyar dubu ɗaya, jaka goma dubu biyu. Ku bar kaka ta riƙa jefo masa tambaya daga kan tabarmarta: "Kai, mai gidana, jaka bakwai nawa ke nan?" Ya lallaɓa ya kai 1,400 da kansa.

Hattara da waƙa. Yara na iya rera "hamsin, ɗari, ɗari da hamsin" kamar karatun allo ba tare da hankalinsu na wurin ba. Hanyar gane haka ita ce a ɗauko daga tsakiya: "Fara daga 650, tafi hamsin-hamsin." Mai rerawa zai koma farko a zuci yana motsa leɓe. Wanda ya gane zai ce 700 nan take.

3. Ƙirga biyu a lokaci ɗaya

Wannan ne zuciyar aikin duka, kuma nan ne mafi yawan masu koyarwa ke wucewa da sauri. Yaron da ya ƙirga 200, 400, 600, 800 daidai bai yi lissafin sau ba tukuna, muddin bai san tsalle nawa ya yi ba. Dole ya riƙe abu biyu: inda ya kai, da sawu nawa suka kai shi.

Ja dogon layi a ƙasa. A farkonsa zana da'ira ka rubuta sifili a ciki, sannan ka yi alamomi goma a jere, tazarar tsalle ɗaya tsakaninsu. Kada ka rubuta komai a kan alamomin. Yaro ya tsaya cikin da'irar. Ka ce yau kowane tsalle 200 ne. Duk tsallen da ya yi ya faɗi jimla da ƙarfi, ƙanensa ko ƙanwarsa kuma ta jefa tsakuwa ɗaya cikin kwano. Ka tsayar da shi inda bai zata ba, ka yi tambayoyi biyu, kullum biyu: "Ina ka kai?" da "Tsalle nawa?" Ya amsa ta biyun kafin a zazzage kwano a ƙirga.

In an yi haka kwana biyu, a cire kwanon, ya riƙa lanƙwasa yatsa a kowane tsalle. Bayan nan a koma littafi. Ya ja layi a tsaye ya raba shafi biyu, hagu ya rubuta "sawu", dama ya rubuta "jimla":

1 — 200
2 — 400
3 — 600
4 — 800
5 — 1,000

Ya kai har goma. Washegari a sauya lamba, 500 ko 50, shafi sabo, tsari ɗaya.

Ga kuskuren da ya fi kowanne yawa a nan: yaro ya ƙirga wurin da yake tsaye a matsayin sawu na ɗaya. Sai ka ji ya ce 200 sau 5 ai 800 ne, kuma zai rantse ya ƙirga biyar. Ya ƙirga biyar ɗin, amma har da sifili. Abin da nake ce musu shi ne, direban da ke lodi a tashar Jega bai yi sawun Birnin Kebbi ba sai ya tashi ya isa. Tsayuwa a tasha ba sawu ba ce. Tsakuwa ba ta faɗawa kwano sai ƙafa ta dira. In kun ga amsar yaro kullum tana gaza daidai da tsalle guda, ba sai kun yi dogon bincike ba, wannan ne.

4. A sa masa suna: sau

Yanzu a dawo kan shafukan jiya. A gefen kowane layi ya rubuta abin da ya faru da kalmomi, "200 sau 3 ya ba da 600", sannan a ƙarƙashi da alama, 200 × 3 = 600. Ban taɓa nuna alamar × kafin wannan rana ba, don ina so ta iske ma'anar tana jiranta. A nan ne 'yar awarar nan ta warware. Na ce mata mutum shida sun sayi ta ɗari da hamsin-hamsin, ta ce ɗari tara tun ban rufe baki ba. Na nuna mata allo na ce abin da ke rubuce ke nan. Ta ce, "Malam, ai da haka ka ce tun farko."

A Hausa lambar muke fara faɗa sannan yawan sawu: 200 sau 3. Wasu littattafan makaranta kan rubuta 3 × 200 don abu ɗaya, yaro ya rikice. Jera tsakuwa layi uku, biyar-biyar, ya ƙirga 15. Ya zagaya ya tsaya ta gefe, yanzu layi biyar ne, uku-uku, kuma ba a taɓa tsakuwa ko ɗaya ba. Juya lambobin ba ya canja amsa.

Amfanin wannan ya fi fitowa da manyan lambobi. Ba shi 6 sau 500 ka yi shiru. Zai fara 6, 12, 18, ya ga tafiyar ba ta ƙarewa. Bar shi ya ɗan wahala kafin ka tambaye shi ko akwai gajeriyar hanya. In ya juya ya yi 500 sau 6, tsalle shida ya kai 3,000. Daga ranar ya koyi cewa babbar lamba ake tsallakawa da ita, ƙaramar ita ce yawan sawu.

5. Ƙaramar lamba a cikin babba

Rubuta layuka uku, ɗaya ƙarƙashin ɗaya:

3, 6, 9, 12, 15
30, 60, 90, 120, 150
300, 600, 900, 1,200, 1,500

Kada ka yi bayani, tambaye shi abin da ya gani. Sannan ya karanta layi na uku haka: ɗari uku, ɗari shida, ɗari tara, ɗari goma sha biyu, ɗari goma sha biyar. Ɗaruruwan ake ƙirgawa kamar yadda ake ƙirga awaki. Ga inda "ɗari goma" ta mataki na biyu ta biya kuɗinta: ɗari goma sha biyu dubu ce da ɗari biyu. Yaron maƙwabcina da ya hardace tebur, a nan ya gano cewa teburin 3 da ke kansa shi ne na 30 da na 300 da na 3,000.

Misalai na nan birjik a gida. Kiret ɗin ƙwai guda 30 yake ɗauka, kiret bakwai 210. Awa ɗaya minti 60 ce, awa takwas 480.

Gargaɗi a kan sifili. Ba na son dokar nan ta "ka ninka sai ka ƙara sifili a baya", kuma ina da dalili biyu. Na farko, a 50 × 4 yaro zai ce 5 sau 4 ashirin, ya ga sifili ya riga ya bayyana, ya rubuta 20 ya tashi. Haka 500 × 6 ke zama 300. In ya yi haka kada ka gyara masa, ce masa ya taka layi: tsallen farko kaɗai 50 ne, ta yaya tsalle huɗu za su tsaya a 20? Na biyu, in ya shiga lissafin ɗigo a gaba, dokar za ta yaudare shi, don 2.5 sau 10 ba 2.50 ba ne, 25 ne. Gara ya ce "gomomi ashirin", ya san abin da yake ƙirgawa.

6. Lambobi masu zango

Akwai lambobin da in kana tsallake da su, bayan 'yan sawu kaɗan sai ka dira a kan cikakkiyar lamba. Wurin nan nake kira zango, inda matafiyi ke sauke kaya ya huta. Jarka mai lita 25: 25, 50, 75, 100. Jarka huɗu zango ɗaya, daga nan wutsiyar ta sake maimaituwa, 125, 150, 175, 200. In an tambayi jarka 14, ba sai an yi tsalle 14 ba: jarka 12 zango uku ne, 300, saura biyu, 350.

Ita ma 250 sawu huɗu take kai dubu. Don haka 250 sau 18 zango huɗu ne, 4,000, da ragowar sawu biyu, 4,500. Lamba 75 na sauka a 300 bayan sawu huɗu, 1,500 kuma na sauka a 3,000 bayan biyu kacal. Wadda ta fi nisan zango a cikin waɗannan ita ce 125: 125, 250, 375, 500, 625, 750, 875, 1,000, sawu takwas.

'Ya'yan manoman shinkafa sun fi son misalin taki. Buhu kilo 50 ne, buhu 20 tan ɗaya. Tirelar da ta ɗauko buhu 600 fa? Zango talatin, tan 30. Ka sa yaro ya zagaye kowane zango da fensir a shafinsa, idonsa ya saba da nemansu.

7. Lambobi masu gardama

Sai waɗanda ba su da zango kusa, irin su 48, 37, 99, 365. Na kan buɗe da wadda kowane yaro ya ji a bayan salla: tasbihi 33, 66, 99, a cika da ɗaya ya zama ɗari. Ya riga ya iya tsallake da lamba mai gardama bai sani ba. Daga nan hanya biyu ce.

Ta farko, ka wuce ka dawo. Tana aiki in lambar na dab da cikakkiya. A 48, ƙara 50 ka ɗebe 2: daga 48 zuwa 98 a dawo 96, zuwa 146 a dawo 144, sai 192, sai 240. Bayan ya yi haka sau da yawa, nuna masa a dunƙule: 50 sau 5 shi ne 250, an yi rarar 2 har sau biyar, wato 10, saura 240. Da 99 abin har daɗi yake yi: 99, 198, 297, 396, 495, gaba na hawa, baya na sauka.

Hattara: a dunƙulen nan yara kan ɗebe rarar sau ɗaya tak, su ce 248. Tambaye shi, in ka ba mutum biyar hamsin-hamsin alhali 48 kowa ke bi, mutum nawa za su ba ka canji?

Ta biyu, ka farfasa. A 37, ƙara 30 tukuna sannan 7: daga 37 zuwa 67 zuwa 74, daga nan 104 zuwa 111, sai 141 zuwa 148. Ya faɗi ta tsakiyar a hankali, ta ƙarshen da ƙarfi, don kada ya ƙirga rabin tsalle a matsayin cikakke. A dunƙule: 30 sau 4 shi ne 120, 7 sau 4 shi ne 28, a haɗa 148. Wannan farfasawa ita ce ginshiƙin duk lissafin sau da zai yi har sakandare, don haka ku daɗe a kanta, ko da kwana biyar ne.

Wasan da na fi so a wannan mataki na kwanakin shekara ne. Shekarar Miladiyya kwana 365 ce, ban da mai ƙarin kwana ɗaya da ke zuwa bayan shekara huɗu-huɗu: 365, 730, 1,095. Ta Hijira kwana 354 ce ko 355. Mu ɗauki 354: 354, 708, 1,062. Ya jera su gefe da gefe ya fitar da bambanci: 11, 22, 33. Cikin shekara uku an sami tazarar fiye da wata guda. Shi ya sa azumin da aka yi cikin zafin bazara yake ja da baya a hankali har ya shiga sanyin hunturu, kuma sai bayan kimanin shekara 33 yake komowa inda ya taso. Na ga dattawan da suka matso kusa da tabarma saboda wannan lissafi.

8. A gajarta hanya

Tsallake gada ce, ba a gina ɗaki a kanta. Yaron da ya kai aji shida yana tsalle 24 don ya sami 350 × 24 zai ƙare jarrabawa a tambaya ta uku. Dokata a aji ita ce: in sawu ya wuce goma, a nemi zango.

Mu ce ɗan dako a Aliero yana loda buhunan albasa a mota, kowane buhu naira 350, ya loda 24. Yaro ya buɗe shafinsa mai layi biyu, amma wannan karon ba kowane sawu zai rubuta ba:

1 — 350
2 — 700
4 — 1,400
10 — 3,500
20 — 7,000

Biyu ninkin ɗaya ne, huɗu ninkin biyu, ashirin ninkin goma. Yanzu 24 ai 20 ne da 4, sai a haɗa 7,000 da 1,400, a sami 8,400. In buhu 19 ne, a ɗebe 350 daga 7,000, saura 6,650. In 15 ne, goma da rabin goma: 3,500 da 1,750, wato 5,250. Ka bar shi ya zaɓi zangon da ya ga dama. Yara biyu za su bi hanya daban su haɗu a amsa ɗaya, kuma gardamar da za su yi a kan wace ta fi sauri ta fi duk bayanin da zan yi amfani.

Sai a ɗauko tsarin makaranta, wanda ake rubuta 350 a sama, 24 a ƙasa, a ja layi. Ya yi shi yadda aka koya masa, sannan ya dubi layuka biyun da suka fito kafin a tara: 1,400 da 7,000. Su ne dai na shafinsa. Sifilin nan da malamai ke cewa a ajiye kafin a fara layi na biyu, wanda yara ke ɗauka al'ada ce kawai, dalilinsa ke nan: 2 ɗin da ke cikin 24 sawu ashirin ne.

Hattara da mantuwar wannan sifili. In ya manta, zai tara 1,400 da 700 ya kawo 2,100. Kada ka nuna masa inda ya ɓata. Tambaye shi kuɗin buhu goma kawai. In ya ce 3,500, tambaye shi ko ɗan dakon zai yarda a ba shi 2,100 a kan buhu 24.

9. Yadda zai kama kuskurensa

Aibin ƙirgen tsallake ɗaya ne: in aka ɓata a sawu na uku, duk abin da ya biyo baya ya ɓaci, kamar ginin da tubalin ƙasa ya karkace. Saboda haka ya saba da bincike tun yana tafiya. Sawu na goma dole ya zama gomomin lambar, 37 ta kai 370. Ninkin sawu na biyar dole ya yi daidai da na goma, 185 da 185. Sannan ya lura da lambar ƙarshe: a tsallaken 37 wutsiyoyin su ne 7, 4, 1, 8, 5, 2, 9, 6, 3, 0, daidai da na teburin 7. In wutsiya ta saɓa, nan ɓarnar take, ba sai an goge shafi duka ba. In kuma da lamba mai rabuwa biyu daidai yake tsallake, irin 48, bai kamata ya taɓa dira a kan mai ƙarewa da 1, 3, 5, 7 ko 9 ba.

10. A juya tambayar

Kwana biyu na ƙarshe, ba shi jimla ya nemo sawu. Inna na zubin adashi 1,500 duk mako, mako nawa kafin zubinta ya kai 18,000? Sawu biyu 3,000 ne, ana neman irinsu shida, mako 12. Ko kuma an aike shi da 5,000, abin saye 750 kowanne: 750, 1,500, 2,250, 3,000, 3,750, 4,500, na gaba 5,250 ya zarce. Guda shida, canji 500. Ya yi rabawa har da saura, ba a ma ambaci sunanta ba.

Gwajin rufewa

Ba shi waɗannan uku, da fensir da takarda, ba tare da taimako ba: 250 sau 7, da 98 sau 6, da 175 sau 32. Amsoshin su ne 1,750 da 588 da 5,600.

In ya kuskure, amsar da ya kawo za ta gaya maka inda za ku koma. Wanda ya ce 1,500 a ta farko ya ƙirga sifili cikin sawu, ku koma mataki na uku da kwano da tsakuwa. Wanda ya ce 598 a ta biyu ya ɗebe rara sau ɗaya, mataki na bakwai. Wanda ya ce 875 a ta uku ya ɗauki 3 ɗin cikin 32 a matsayin sawu uku, mataki na takwas. In kuwa ya sami 5,600 amma ka ga shafi cike da tsalle 32, amsa ta yi, sai dai ka tambaye shi inda 175 ke sauka bayan sawu huɗu, ka jira har ya ce 700, sannan ka tambaye shi huɗu nawa ne a cikin 32.